Mai Riƙon Igiya

Aikina a titin Bond, tsakiyar Landan,
riƙon jar igiya mai laushin gashin mage,
da faɗin: "Ku ɗan dakata."
Ciki mutum uku ne kacal,
kujeru na hamma, madubai na kallon juna,
amma Mista Hargrif ya ce kar in saki.
Layi a waje, in ji shi, talla ce ta banza,
kuma wanda ruwa ya daka minti arba'in
ba ya komawa gida hannu rabbana.

A taga jaka ɗaya ce, tilo,
kamar ƙwai guda a tsakiyar faifai.
Ba a rubuta kuɗinta ba.
Wai mai tambayar farashi
ya riga ya ba kansa amsa.

Ni kuwa jikan majemi ne.
Na tashi cikin warin bagaruwa da toka,
duk turaren da suke fesawa da safe
bai hana hancina gane ta ba:
akuya ce.
Ta ci dusa, ta yi ɓarna a gonar wani, an yanka.
Haruffa biyu na zinariya aka liƙa mata
ta koma albashina na wata biyar.

Jiya wata nas ta shigo da takalmin aiki,
idonta ja, daga kwanan asibiti.
Kati na fari ya ƙi, na biyu ya ƙi,
na uku ya karɓa, aka raba mata biya huɗu.
Aka miƙo mata ruwa a kofin gilashi,
aka kira ta da sunanta har sau biyu.
Ina jin wannan ta zo saya.
Jakar gyara ce aka ɗora mata.

'Yata Barira, shekara sha shida,
ba ta taɓa roƙona jakar ba, ta san tsawon bargonmu.
Ta takarda take so, wadda ake zuba kaya,
mai igiyar siliki da tambari a goshi.
Na kawo guda biyu da suka lanƙwashe.
Mako ɗaya tana zuba takalmin wasanni a ciki
tana ratsa Stratford kamar 'yar mai gari.
Sai ga ta ran Lahadi da fam talatin.
"Na sayar, Baba, ta waya."
Na ce: babu komai a ciki fa!
Ta ce: "To, su me suke sayarwa?"

Na yi dariya har da riƙe ciki.
Ban gaya mata nawa ba.

Shekara bakwai ina fuskantar allo ɗaya:
wani mai furfura a kan jirgin ruwa,
hannun riga a naɗe, agogo na kama rana.
Ban iya iyo ba. Ko kwale-kwale tsoro nake.
Amma a motar dare, hanyar gida,
sai in ji wuyan hannuna tsirara
kamar na fita kasuwa ba hula.
Abin da ido ya daɗe yana gani
zuciya kan ɗauka nata ne aka ƙwace.

Akwai gwangwanin shayi a bayan tukwane,
kuɗin kwanon rufin ɗakin yayata Tasalla a Gusau.
Sau biyu na ƙirga su
da lissafin da ba na kwano ba.
Na mayar. Na wanke hannu kamar na taɓa wani abu.
Damina saura wata uku.

Yau ma yayyafi. Na maƙala igiya.
Wani saurayi a gaban layi, kafaɗarsa jiƙe,
ya ce: "Malam, saura minti nawa?"
Na ɗaga hannun hagu, na duba.
Fata ce kawai, da tabon ƙuna na yarinta.
Na ce: "Ka ɗan dakata."